Hanyar Dutse a Tsakar Gidan Inna

Mun bar Gusau ana idar da sallar asuba, mu uku a mota: ni, da ƙanena da ke tuƙi, da wani birkila da ya ƙware a aikin da ake yayi yanzu, wato fitar da zanen dutse a kan siminti. A bayan mota akwai tabarman roba masu kauri, waɗanda ake dannawa a kan ɗanyen siminti su bar siffar dutse, da garin kala, da cokulan gini. Gummi muka nufa, gidan mahaifiyarmu.

Ba kwalliya ce ta fitar da mu ba. A daminar bara Inna ta zame a tsakar gida ta bugu a ƙugu, ta daɗe tana jinya. Daɓen simintin da muka yi mata shekarun baya an goge shi sumul, da ruwa ya taɓa shi sai ya zama santsi. Mu 'ya'yanta muka yanke shawara: ko dai a gyara daɓen kafin ruwa ya sauka, ko ta dawo Gusau wurina. Ita kuwa ta ce a gidan nan aka kawo ta, ba ta zuwa ko'ina.

A Anka muka karya kumallo da shayi da hoce, wato gasasshen ƙullin dawa. Garin ya riga ya tashi. Babura na wucewa ɗauke da masu haƙar zinariya, tufafinsu duk launin ƙasa, daga wani lungu kuma ana jin ƙarar injin niƙa dutse. Birkila ya bi su da kallo, ya ce, "Su suna fasa dutsen gaske su nemi arziki, ni ina yin na ƙarya in ci abinci." Mai shayi ya ce to na ƙaryar dai ba ya rufta wa mutum.

Daga Anka hanya ta fara gwada haƙurin mota. Wani wuri kwalta, wani wuri ramuka, ga shingayen jami'an tsaro. Babu mai son yamma ta riske shi a wannan hanya, kowane direba ya san haka ba sai an faɗa ba. Gonaki an share su ana jiran ruwa, an tara karan dawa a gefe.

Mun ratse Bukkuyum ne don in ga wani gida da birkilan ya yi wa irin wannan aiki bara. Ina so in ga yadda abin yake bayan rana da ruwa sun bi ta kansa. Ranar ta dace da kasuwa, sai da muka kutsa tsakanin buhunan gero da wake da baburan 'yan kabu-kabu. Siminti a nan ya fi na Gusau tsada, mai shago ya ce kuɗin mota ne, ba laifinsa ba.

Da muka isa gidan, aikin ya yi kyau, ba ƙarya. Daga nesa za ka rantse duwatsu aka jera. Amma an shafa masa man ƙyalli. Na karɓi buta na zuba ruwa, na cire takalmi na taka, ƙafata ta tafi. Matar gidan kuma ta aiko daga ciki cewa tun da aka yi shi ta daina shanya gero a wurin, domin ƙwayar na maƙalewa a tsagogin, tsintsiya ba ta fitar da ita. Muka tsayar da cewa namu ba za a sa masa man ƙyalli ba, tsagogin kuma kada su yi zurfi har su kama yatsan tsohuwa. Maganar shanyar kuwa na riƙe ta, na san za ta same mu a gaba.

Mun shiga Gummi kafin la'asar. Fadama ta ba da shinkafar rani, duk inda ka duba an baza shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, a rana, ƙamshin soyayyen kifi na tashi daga bakin tasha. A gida muka tarar da Inna tana juya tata shinkafar da ƙafa a tsakar gida. Sana'arta ke nan tun muna yara: ta turara, ta shanya, ta kai inji.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ta bakin ƙanena take aiko da saƙo ko da ina zaune kusa da ita. Da birkila ya shimfiɗa tabarmar roba ya yi bayani, ta duƙa ta sa yatsa a tsagar, ta dubi ƙanena.

"Tambayi wancan, shinkafata bisa kaina zan shanya ta?"

"Inna, lahiyarki muke dubawa," in ji shi.

"Lahiyar da babu sana'a cikinta ku riƙe abinku."

Tana da gaskiya, mu ma muna da ita. Shanya na son daɓe mai sumul, ƙafar tsohuwa na son mai kaushi. Bayan mun ci tuwon shinkafa da miyar kifi muka cimma matsaya: ba za a taɓa tsakiyar fili ba, za a yi mata hanya ce kawai ta zanen dutse, daga ƙofar ɗakinta zuwa madafi, da wurin randa, da bayan gida.

Da safe birkila ya ja igiya, ya fitar da layuka miƙaƙƙu da alli, masu kyan gani. Muna tsaye Inna ta fito da buta za ta zagaya. Ta fara bin layin, can sai ta kauce hagu, ta yi wani lanƙwaso a fili fetal, sannan ta dawo. Da za ta koma ɗaki ta sake yin haka, daidai wurin.

"Inna, ga hanya nan an ja miki, ki bi ta ciki mana," in ji ƙanena.

"Ta cikin ruhewa zan bi?"

Ruhewa ita ce rumbun ƙasa. Tamu ta tsaya a wannan wuri tun kafin a haife ni, an rushe ta lokacin da aka zuba simintin. Inna ta san babu ita. Da ƙanena ya tuna mata, ta ce, "Na sani. Ƙahwata ta ba ta sani ba." Sai a lokacin na lura cewa inda aka nuna mini ta faɗi bara yana kan wannan lanƙwason ne. Da mun bi igiya, da mun kashe siminti a inda ba ta takawa, mun bar santsi a inda take bi.

Birkila ya naɗe igiyarsa. Muka wuni muna kallon Inna tana harkokinta, shi kuma yana bin bayanta da alli. Ta ce masa, "Kai ko, awa mai bin bashi." Ya ce, "Inna, sawu kawai nike so, ba kuɗi ba." Zuwa yamma an sami hanya mai karkace-karkace: ta zagaye ruhewar da babu, ta raɓi bango inda take dafawa, ta ɗan faɗaɗa a bakin randa inda take tsayawa alwala.

Aikin kansa da sassafe ake yinsa, domin zafin bazara na busar da siminti da sauri. An sassare tsohon daɓen a cikin layin alli don sabon ya kama kuma ya zo daidai da fili, kada a bar tudun da zai sa tuntuɓe. Aka jiƙa, aka zuba kwaɓi, aka daidaita. Daga nan sai jira. Birkila na danna babban yatsa lokaci-lokaci: in ya nutse, da saura, in bai bar alama ba, an makara. Da ya yi daidai sai ya barbaɗa garin kala, ya shimfiɗa roba, ya hau ya tattaka. A wuraren lanƙwasa roba ba ta zauna ba, sai da hannu ya zana duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Aka rufe da jiƙaƙƙun buhuna, muka yi kwanaki muna ba shi ruwa safe da yamma.

Ranar da aka buɗe, na kwarara bokitin ruwa a kai. Inna ta cire takalmi ta taka, ta je randa ta dawo, ba ta kalli ƙasa ba. Ta ce wa ƙanena, "Ce ma wancan, ɗakin da nij ji an share mini Gusau, shi bar shi haka. Zan aiko da shinkafa a aje ciki."

Mun kamo hanya da hantsi, muka iso Gusau rana na sama. Na sanar da sauran 'yan'uwa cewa Inna za ta yi damina a gidanta. Ban ce musu matsala ta ƙare ba. Ƙafa na ƙara tsufa, siminti kuma iyakarsa ya hana santsi. Abin da na koyo dai shi ne, kafin ka gyara wa mutum wurinsa, ka zauna ka ga yadda yake tafiya a cikinsa. Duk baƙon da ya shiga gidan yanzu zai ce birkila ya kasa ja da igiya. Mu mun san ba mu muka zana hanyar ba, ƙafar Inna ce ta zana ta.