Itacen Cikin Kwalba

Shekarar da na zo hutu daga karatu a Faransa, na tarar babana ya gama yanke shawara: ba zan koma ba, in nemi aikin buro, wato na ofis, a Konni. Masassaƙi ne, turminsa har daga Illela ake zuwa nema, kuma bai ga abin da Bature zai koya wa ɗansa game da itace ba. Ni kuwa ko an ɗaure ni a jikin jirgi, ba zan tafi ba sai da albarkarsa.

Wata ƴar kwalba na zo da ita don in shawo kansa. A ɗakin bincikenmu mukan yanko ɗan tsiron wani itace na ƙasar sanyi, mai ganye kamar allura, mu ɗora shi a kan abincin da muka haɗa masa cikin kwalba. Sai ya kumbura ya zama dunƙule fari mai laushi. Aikina shi ne in gano yadda wannan laushin ke taurara ya zama itace. Ba a buɗe kwalbar, don in ƙura kaɗan ta shiga, shi ke nan, ya ruɓe. Wata huɗu ina renon wannan, kuma daga Konni zuwa garinmu Tajaye a kan cinyata ta zo, ina hararar duk wanda ya matso.

Da hantsi na same shi gindin gawo yana fafe turmi. Na durƙusa na yi ta zuba bayani, har da Faransanci, don a lokacin ina ji da kaina. Ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta.

"Wanga abu kaman cuku, shi na icce?"

"Ban sani ba tukuna, Baba. Sai na koma na duba shi da madubin da ke ƙara girman abu."

"Sai an tahi Faransa a gane icce?"

Kafin in buɗe baki ya zare toshiyar, ya ɗebo da tsinin wuƙa, ya jefa a baki. Na manta cewa shi haka yake gwada kowane itace, da haƙori. Ihun da na yi sai da ya fito da Inna daga madafa, muciya a hannu, tana tambaya ko kunama ce.

Baba ya lumshe ido yana taunawa da haƙoran gaba, a hankali. Can ya tofar.

"Daga waje ruwa na zalla. Amma can ciki akwai tsaki, shina ƙasƙas ga haƙori. Icce ya soma."

Na fizge kwalbar na ɗebi sauran na tauna. Wallahi akwai shi! Abin da na yi wata huɗu ina jira, ga shi tsakanin haƙorana. Aikin ya lalace, amma dariya na yi ta yi har da hawaye, daɗi ya cika ni. Inna ta dube mu, uba da ɗa muna tofe-tofe, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta koma kan tuwonta.

Baba ya sake karɓar kwalbar, ya daɗe yana juya ta a hannunsa.

"Babu saiwa, babu ƙasa, amma bai mance shi icce na ba. Tun ina yaro nike sare shi, ban taɓa ganin inda shike somawa ba."

Ya miƙo mini ita.

"Koma, Allah shi yi ma albarka. Amma ran da kag gano abin da ka tada shi, kak ka aiko man takarda. Ka taho ka hwaɗa man da bakinka, tun ina da rai."