Rigunan da Laure Ta Ƙi Sayarwa

Laure 'yar Argungu ce, ɗiyar masunta. Aure ya kawo ta Birnin Kebbi tun jihar tana sabuwa, lokacin da ma'aikata ke ta kwararowa daga Sakkwato suna neman ɗakin haya. Mijinta Kalilu direba ne, yana ɗauko albasa daga Augie. Wata ranar kasuwa 'yan fashi suka tare su a hanya da rana tsaka, suka harbe shi a baya bayan ya riga ya miƙa musu makullin mota. Bai mutu ba, amma daga ƙugu zuwa ƙasa bai ƙara motsi ba.

Tun daga nan gida ya koma wuyan Laure. Ta kafa rumfar gwanjo a bakin titi a unguwar Nasarawa, tana sarin dilar tufafi wurin Femi, wani Bayarabe da ya daɗe a garin har Hausarsa ta koma ta Kabawa. Da safe ta wanke Kalilu, ta juya shi, ta shafa masa magani a gyambon kwanciya, sannan ta fito. Ba ta da yawan fara'a, amma ba ta ɓoye yagar riga don ta sayar, shi ya sa ɗaliban Poli suka saba da rumfarta.

Can wajen ƙarshen mulkin soja sai yayi ya sauya. Samari suka koma sa wando kamar buhu yana zamewa daga ƙugu, su ɗaure kai da hankici, su rataya sarƙa, kaset na ta zuba waƙar Turanci mai ƙarar harbi a ciki. Wata dila da Laure ta kwance, sai ga manyan riguna, kowace da hoton wani ƙato a ƙirji, da haƙorin zinariya, ya nuno bakin bindiga. Ta ware su gefe ta rufe da zane.

Ba a yi nisa ba ƙanenta Mujtaba, wanda ta ɗauko daga Argungu yana karatu a hannunta, ya shigo gida da irin rigar, ya sayo ta wani wuri. Ya durƙusa gaida Kalilu, bakin bindigar nan daidai idon mai kwance. Kalilu ya amsa, ya juya fuska ga bango.

Laure ta jawo Mujtaba tsakar gida.

"Wanga da ad ga ƙirjinka, wane na?"

"Yaya, wani babba na can Amurka. Shi ad da unguwassu baki ɗai. Ko 'yan sanda tsoro nai sukai."

"Mi as sana'a tai? Noma yakai ko kamun kihi?"

Mujtaba ya yi dariya. "Ke ba ki ganewa. Namijin duniya na, ba a taɓa shi a kwana lahiya."

Dariyar ce ta fi ƙona ta. Ta kama wuyan rigar ta finciko shi har ƙofar ɗaki, ta ɗaga labule.

"Dibi aikin namijin duniya. Ga shi nan kwance, ni ka kwashe kashi nai. Wanda yay yi mai haka ma ba a taɓa shi. Ka tahi ka nemo hoto nai ka liƙa ga gaba, tunda irinsu kaka so."

"Tuhwa ce kawai, Yaya."

"To tuɓe ta, ko ka bam min gida."

Ya zaɓi barin gida. Ya kwashe kayansa ya koma ɗakin abokai.

Femi da kansa ya zo rumfa da ya ji ta ƙi fitar da rigunan, ya kira ta da sunan ɗiyarta. "Maman Humaira, su ne fa ake rububi yanzu. Ki kawo in ba wani."

"Don a sai da su ga ɗiyan wasu? Ka tambayi masu buga su, in an harbi ubansu za su sa hoton wanda yah harbe shi?"

Femi ya juya ya tafi, don yana cikin waɗanda suka kai Kalilu asibiti. Laure ta kai rigunan gida ta sa almakashi, ta mayar da su tsumman da take shimfiɗa wa Kalilu a ƙarƙashi.

Abin bai tsaya nan ba. Duk saurayin da ya tsaya rumfarta da irin rigar sai ta tsare shi da tambaya: wa ke ciyar da matan waɗanda mutumin nan ya kashe? Ɗalibai suka sa mata Laure Masifa, suka koma rumfar gaba. Ciniki ya ja baya ƙwarai, har ta haɗa da soya kifi da yamma.

Yayin ya wuce don kansa, ba don faɗanta ba, wani ya maye gurbinsa. Mujtaba ya gama karatu, ya samu aiki a sakatariya, ya riƙa zuwa ranar Juma'a yana kama mata Kalilu su fitar da shi inuwa. Bai taɓa ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Kalilu ne wata rana ya ce ta sassauta, ƙuruciya ce ta ɗebi yaron.

"Shi na yahe mai," in ji ta, tana matse tsumma a bokiti. "Manyan da sunka zamna sunka buga hoton ɓarawo ga riga don yara su saye, su kam sai mun tsaya gaban Allah."