Ƙullin Iya Habsu da Miyar Majo

Akwai wata Laraba da har yau ba ta fita raina ba, kuma tunda kun tsare ni da tambayar abin da ya fi tsaya mini a aikin nan, sai ku gyara zama. Ita ce ranar da na kai mata Damagaram yawon buɗe ido, na dawo ina jin kunyar takardun da ke cikin jakata.

Ga sababbin cikinku: aikinmu a ɓangaren lafiya na Magariya shi ne koyar da girki mai gina jiki. Mu shiga ƙauye, mu ɗora tukunya a gaban mata, mu nuna yadda ake haɗa kunun yara da wake da gyaɗa, yadda ake dafa zogale ba a kashe shi da wuta ba, yadda ake rage mai da gishiri da dunƙulen magi. A kowane gari akwai mace guda da ke riƙe aikin in mun tafi. Don a gode musu, bayan girbi akan zaɓi waɗanda suka fi ƙoƙari, da na wajenmu da na Dungas, a kai su birni kwana biyu su ga gari, su ci abin da ba su saba ci ba. Tafiyar ba ta yiwuwa sai da takardar misiyo, wato izinin tafiyar aiki, wadda shef, shugabanmu, ke sa wa hannu, da sunan kowa, da lambar mota, da inda za a tsaya awa bayan awa. Duk inda kika ratse, sai kin yi bayani a rahoto.

A shekarar mata takwas na samu, daga Waca da Guci da Yekuwa. Saura kwana biyu tafiya, sai ga wayar Hajiya Mariyama, matar Majo Idi. Majo shi ne babban ma'aikacin jinya da ke riƙe da likitar ƙauye, wato ƙaramin asibiti, kuma Majo Idi ne ya koya mini aikin nan tun ban san yadda ake awon hannun yaro ba. Ya ajiye aiki ya koma gidansa a unguwar Zango ta Damagaram. Hawan jini ya kayar da shi, ya taɓa masa ɓarin hagu, dokta ya ce gishiri ko ƙyas kar ya shiga bakinsa. To mutumin da ya shekara talatin yana hana mutane gishiri, shi ne ya kafe: ko a sa, ko a ɗauke kwano. Kusan sati biyu ba abin da ke shiga cikinsa sai ruwan shayi da ɗan kunu.

Hajiya tana kuka ta ce, "Rabi, in na sa, na kashe shi. In ban sa ba, yunwa ta kashe shi. Ki biyo ki yi masa magana, ke yana jin taki."

Na ce in sha Allahu. A raina kuwa na ce wannan ai ƙaramin aiki ne, mu da muke da bayani a ka.

Da safiyar Laraba muka taru a ƙofar biro, wato ofishinmu. Tun farko na aika wa matan cewa kar wadda ta zo da guzuri, birni za mu ba gona ba. Ba na ɓoye muku, kunya nake ji a shiga gidan abinci da ƙullin tsumma. Duk sun bi magana sai Iya Habsu ta Yekuwa, wata gajeruwar tsohuwa mai ƙarancin magana, wadda ta zo riƙe da ƙulli kamar kan jariri, warin daddawa na tashi.

Na ce, "Haba Iya, me na ce? Da wannan za ki shiga Damagaram?"

Ta ce, "To, Madam." Ta zagaya bayan mota, ta dawo hannu wofi. Na ɗauka mai gadi ta ba ajiya.

Muka bi ta Bande da Dogo, hantsi bai gama ɗagawa ba muka shiga gari. Ku da kuka saba da Damagaram ba za ku gane ba, amma da kun ga idon matan nan a Birni, tsohuwar unguwar garin. Duwatsu manya-manya, wani bisa wani, ga gidaje a jikinsu, ga awaki a kai. Wata 'yar Guci ta ƙi wucewa ta ƙarƙashin ɗaya, wai ba ta yarda da zamansa ba. Suka riƙa shafa zanen bangon gidaje suna salati. Iya Habsu kuwa abu ɗaya ta roƙe ni tun a mota: a duniya ba ta taɓa hawa bene ba, tana so ta ga gari daga sama kafin ta mutu. Na ce ta kwantar da hankalinta, yana cikin takarda, da la'asar wani attajiri ya yarda mu hau soron gidansa.

Da azahar muka shiga gidan abinci. Shinkafa da zabuwa, ga soyayyen dankali, ga lemo mai sanyi. Mata suka ci har da lashe yatsa. Iya ta kai loma biyu ta ajiye cokali, ta bi da ruwa kofi guda. Na tambaye ta, ta ce gishirin ne ke ƙone mata harshe. Na harare ta, na ce a raina tsohuwar nan ta cika fitina.

Daga nan na ce wa Sani, shofer ɗin da ke tuƙa mu, mu ratse Zango minti goma sha biyar. Na shiga ɗakin Majo. Mutumin da muryarsa ke cika tsakar likita, ga shi a jingine, riga ta yi masa yawa, wuya duk jijiya. A gefensa wani ɗan ƙaramin kwano a rufe. Bayan gaisuwa na gyara murya na fara zuba masa bayani: illar gishiri, da jijiyoyin jini, da haƙuri. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Rabi, wannan karatun wa ya koya miki shi?"

Na ce, "Ku ne, Majo."

"To buɗe kwanon nan ki ɗanɗana."

Na ɗanɗana. Wallahi lami ne salam, ruwan zafi da ganye, ba ka ce hannun mutum ya taɓa shi ba. Na rasa yadda zan haɗiye, na rasa yadda zan tofar. Ya ce, "Shekara talatin ina gaya wa mutane su ci wannan. Allah ya yafe mini." Ya juya fuskarsa bango. Na fito, don duk abin da na sani ya ƙare a nan.

A tsakar gida na tarar Iya Habsu ta tsuguna gaban Hajiya Mariyama tana tambaya a hankali. Me ake dafa masa? A wace tukunya? Da wa yake ci? Hajiya ta ce tukunyarsa daban, kwanonsa daban, shi kaɗai yake ci. Iya ta girgiza kai ta ce, "Ai ko mai lafiya aka yi wa haka sai ya kwanta." Sai ta ɗaga hijabinta, ta kwance ƙullin nan daga ƙugunta. Ashe tun Magariya yana jikinta. Ni kuwa duk hanya ina yi wa Sani faɗa wai ba ya wanke mota.

Ta dube ni ta ce, "Madam, a ba ni izini in ɗora tukunya."

Na ce, "Iya, benen fa? Yau kaɗai aka ba mu."

Ta fara buɗe ƙullinta. Ta ce, "Ku je ku gano mini."

Takarda ba ta ce haka ba, amma na tura Sani da sauran matan, na zauna. Nan na ga aiki. A ƙullin akwai ƙananan ƙulle-ƙulle: gabu, wato busasshen ganyen albasa, da riɗi, da kauɗar tumatir, da busasshiyar yakuwa, da daddawar batso, da citta, da masoro. Ta sa aka ɗauko murhun gawayi, ta lashi yatsa ta ɗaga ta ji inda iska ke bi, ta ajiye murhun daidai inda hayaƙin girki zai shiga tagar Majo. Ta ce a bar ƙamshin ya riga kwano shiga ɗaki. Ta gasa riɗi a busasshiyar tukunya har ya fara tsalle, ta kwashe. Ta gasa gabu shi kaɗai, daddawa ita kaɗai, kowanne tana sunsunawa, tana saukewa a daidai lokacin da ni ban ga wani bambanci ba. Ta daka su, ta soya albasa da ɗan mai cokali biyu har ta yi ja, ta zuba tumatir, ta bar shi ya ƙone kaɗan a gindi da gangan. Hajiya ta miƙo kanwa, Iya ta ture hannunta ta ce ai ƙanwar gishiri ce. Yakuwa ce ƙarshen shiga, ta ce tsamin ne ke tsayawa a inda harshe ke neman gishiri. Ta hana a raba tukunya: tuwon dawa ɗaya, miya ɗaya, ta gida duka.

Ana cikin tuƙa tuwo muka ji murya daga ɗaki: "Mariyama, me ake dafawa ne?" Hajiya ta dafe ƙirji. Ta ce rabon da ya tambayi abinci tun kafin ya faɗi.

Sani ya dawo da mata kafin magariba. Iya ta ce kar a kai wa Majo ƙaramin kwanon nan, a zuba a babban kwanon baƙi, Sani ya shiga su ci tare, kuma kar kowa ya ce masa ci. Muka laɓe a bakin ƙofa kamar ɓarayi. Sani, Allah ya ba shi ciki, ya sa hannu yana ba da labarin hanya. Can sai Majo ya matso. Loma ɗaya, ya tsaya. Ta biyu. Daga nan na daina ƙirgawa, don idona ya cika da hawaye. Sai da suka ga gindin kwano.

Majo ya kira matarsa ya ce, "Yau dai kin ji tausayina kin sa gishiri. Na ji shi. Ba komai, in mutuwar ce ta zo ta same ni da ƙoshi."

Hajiya ta rantse ko ƙwaya ba a sa ba. Ya ce kar ta maida shi yaro. Sani ma ya goyi bayansa, wai shi da bakinsa ya ji. Majo ya ce a kira wadda ta yi miyar. Iya ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe shi.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ku gane ni ba. Kun taɓa zuwa Yekuwa a kan amalanke, kuka ɗaura wa maigidana abin awo a hannu, kuka ce in yana son ya ga auren 'ya'yansa ya bar gishiri. Ya ce shi ba zai ci lami ba. Sai kuka juyo kuka ce mini, ke ce mai tukunya, ki san yadda za ki yi. Kuka hau amalanke kuka tafi. Shi ne na san yadda na yi."

Majo ya ce, "Ya yarda ya ci?"

"Bai sani ba. Shekara goma sha ɗaya yana ci yana yaba hannuna, ya aurar da su duka huɗu, har Allah ya karɓi abinsa bai sani ba. Ni ma da yaran irinsa muke ci, shi ya sa har yau bakina ba ya ɗaukar abincin mutane. Rashin gishiri daban, lami daban, ranka ya daɗe."

Shekara nawa ina zuwa Yekuwa ina tsayawa a kan matar nan ina koya mata rage gishiri, tana cewa "To, Madam", ban taɓa tambayarta me take dafawa a gidanta ba. Majo ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Rabi, kina da biro da takarda?" Na zaro takardar misiyo, ita ce a kusa. Ya ce, "Juya bayanta. Malama za ta yi mana darasi." Haka ya kira ta, Malama. Tana faɗa ina rubutawa, yana tsayar da ita yana tambaya kamar ɗan lakwal a aji, Hajiya na gefe tana haddacewa.

Da na koma, shef ya ga bayan takardarsa cike da gabu da riɗi, ya tambayi dalilin ratsewa. Na ba shi labari. Sai ya ce in kwafa masa, mahaifiyarsa ma tana fama. Majo kuwa ya murmure, har ya riƙa takawa masallaci da sanda, kuma ya yi shekaru bayan nan.

Abin da ranar ta koya mini ke nan. A littafinmu an rubuta "a rage gishiri", kalma uku, mu faɗa mu hau mota. Wadda za ta tsaya gaban murhu ta mayar da kalma ukun nan abin da mutum zai iya haɗiyewa kullum, ita ke da ilimin, kuma ba za ta gaya muku ba in ba ku tambaya ba, don ta ga kun zo da takarda. Saboda haka in kun shiga gari, kafin ku buɗe baki ku buɗe tukunyarsu.

A hanyar dawowa matan suna ta ba Iya labarin bene, yadda mutane suka koma ƙanana, yadda ake hango duwatsu har ƙarshen gari. Tana ta murmushi tana cewa, "Ikon Allah." Na yi mata alkawari baɗi da ita za a koma, hawa benen ne farkon abin da zan rubuta. Ba ta kai baɗin ba, ta rasu da damina. Tun daga shekarar, duk sanarwar tafiya da na aika ƙauye, layin ƙarshe ɗaya ne: kowa ta zo da ƙullinta.