Katin Baba Maina

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da Madam Rifkatu, shugabar sashenmu a ofishin Hadejia, ta ajiye mini takarda a kan tebur, ta nuna wani suna da bakin biro. A lokacin ina jami'in fili a shirin tallafin kayan lambu, a shekarar da ambaliya ta cinye fadamun wajen Guri.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba: muna ba magidanci kati, ranar kasuwa ya kai wa ɗaya daga cikin 'yan gwarin da muka yi wa rajista, ya karɓi tumatir, tattasai, albasa da ganye, sannan ya dangwala yatsa a gabana. Dole mai katin ya zo da kansa. Wanda ya yi fashin kasuwa uku, sai a ba wani gurbinsa.

Sunan da ta nuna na Baba Maina ne, kuma ya riga ya yi fashin biyu. Ta ce in je in gano dalili kafin ta kai ga sa hannun soke shi.

Na same shi a zaure yana gyaran tsohon tarun kamun kifi. A cikin gida ina jin tarin matarsa da kukan jikokinsa biyu. Bayan mun gaisa na tambaye shi ko katin ya ɓata. Ya ciro shi daga cikin hularsa, ko lanƙwasa bai yi ba. Sannan ya gaya mini cewa tun yana saurayi yake kai tattasai kasuwar nan, kuma rabin masu rumfa a layin gwari a hannunsa suka koyi sana'a.

"Ɗana," in ji shi, "da wane ido zan tsaya a gabansu ina miƙa takarda?"

Na koma na roƙi Madam ta bari in karɓo masa. Ta ce doka ba ta yarda ba. Har na kai ƙofa sai ta kira ni, ta ce ta sake duba takardar dokar, ba ta ga inda aka faɗi ƙarfe nawa mutum zai zo ba, ko ta wane gefen rumfa zai tsaya.

Na kai maganar wurin Sale, wani magidanci mai rumfa a layin, cikin waɗanda muka yi wa rajista, wanda Baba Maina ya koya wa ciniki. Ya sunkuyar da kai, ya ce shi da yake ta zuba ido bai ga Baba ba, ya ɗauka ba a sa shi cikin shirin ba. Da yamma ya je gidan da kansa, ya ce ana kawo masa tattasai daga wata sabuwar gona kuma bai yarda da kayan ba, yana roƙon Baba ya zo ya duba masa.

Ranar kasuwa da sassafe, kafin jama'a su cika, na tarar da Baba Maina zaune a cikin rumfar, ta wajen masu kaya. Yana juya tattasai a hannu, yana ware masu tabo, yana yi wa Sale faɗa a kan barin kwando a rana. Maƙwabta suka yi ta zuwa suna durƙusawa suna gaishe shi.

Da ya gama ya dube ni, ya dubi Sale, ya ce ya san abin da muka ƙulla, Allah ya yi mana albarka. Ya miƙo katin. Sale ya shiga tula masa kaya har ya wuce ƙa'ida. Baba ya riƙe masa hannu.

"Haka na koya maka awo? Rage. Akwai na bayana."

Sale ya rage yana share ido da gefen riga. Baba ya dangwala yatsa, ya ɗauki ledarsa. Bai ƙara fashi ba har aka rufe shirin, kuma da rani ya koma lambunsa.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, za ku riƙa ganin layin da babu dangwale a cikin rajista. Kada ku yi saurin sokewa. Ku hau babur ku je ku zauna a zaure tukuna. Wani ciwo ne ya hana shi zuwa, wani nisa, wani kuma mutuncinsa yake karewa, shi kaɗai ruwa ya bar masa. In kun kai masa abinci, ku tabbata ba ku karɓe wannan ba.