Ranar da Na Ɗaga Ƙafa Daga Birki

Motar ta girme ni da shekara biyu, kuma a gidanmu an fi lallaɓa ta. Ta mahaifin maigidana ce, irin dogayen motocin nan na da masu nauyin ƙarfe, waɗanda in suka wuce a titi yanzu sai an waiwaya. Tun da tsohon ya rasu maigidana ya kawo ta gidan da muke zaune a bayan masana'antun Sharaɗa, ya kafa mata rumfar kwano a tsakar gida, daidai inda na so in shuka zogale, ya kuma rantse babu bakaniken da zai taɓa ta. Shi da ma gyaran injuna yake yi a wani kamfanin fata a Challawa. Sai ya yini cikin baƙin mai a can, ya dawo ranar hutu ya sake shiga baƙin mai a nan, wai hutawa yake yi.

Aiki ɗaya ne ba ya iya yi shi kaɗai, shi ne fitar da iska daga birki. Dole wani ya zauna a kujerar direba ya taka, shi kuma yana kwance a ƙarƙashi yana kwance wani ɗan noti a bayan taya, man birki ya tsiyaya ta siririn tiyo zuwa cikin kwalba. In ya ce taka, in taka sau uku. In ya ce riƙe, in danne har ƙasa, kada in motsa sai ya ɗaure notin ya ce saki. Ya gaya mini dalili ya fi sau ashirin, har na haddace: in ƙafa ta ɗaga notin yana buɗe, iska za ta koma ciki, iska kuwa ba ta tsayar da mota. Birkin zai yi kamar yana nan, sai ranar da aka ɗauko kaya, ya yi zafi, aka neme shi a gangara. Nakan ce masa, "To Malam, na ji, ai ba jarrabawa zan rubuta ba."

Wata Asabar ce. Ƙanwarsa ta haihu a ƙauyensu, can gaba da Challawa, suna kuma washegari. An shirya bayan azahar zai kai mahaifiyarsa, Hajiya, da 'ya'yanmu mata biyu, da buhun shinkafa biyu da jarkar mai da manyan tukwane. Ni sai da safe zan bi su, don babu wurin da zan zauna a motar. Hajiya tana zaune ne wajen ƙaninsa a Bompai, mun kuma yi tsammanin sai rana ta yi za ta iso. Da hantsi ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar, ni na hau kujera.

Mun gama tayoyi uku lafiya. Muna kan ta huɗu, ya ce riƙe, na danne, na ji birkin yana nutsewa a hankali, alamar ya buɗe notin. A daidai nan aka yi sallama, Hajiya ta shigo da jakarta a hannu.

Wallahi ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Shekara tara ina aure a gidan nan, ban taɓa zama a kan kujera surukata tana tsaye ba. Jikina ne ya tashi da kansa. Na zuro ƙafafu waje, na rusuna a bakin ƙofar motar, na ce, "Sannunku da zuwa Hajiya, ina kwananku?" Sai da ta amsa, ta tambayi yara, sannan na tuna da ƙafar da na ɗaga. Na koma da sauri na danne birkin.

Daga ƙarƙashin mota muryarsa ta fito: "Hajiya ce? Sannu da zuwa, ina fitowa. Ke, kin riƙe dai ko?"

Hajiya tana tsaye tana kallona da murmushi. Na ce, "Na riƙe."

Ya ɗaure notin, ya fito yana goge hannu da tsumma. Bayan ya gaida mahaifiyarsa ya zauna inda na tashi, ya taka birkin sau biyu, ya ɗan karkata kai. "Ya ɗan yi laushi," in ji shi, "amma tsohuwa ce, da ma haka take, sai an lallaɓa ta." Ya cire tiyon, ya zubar da abin da ke kwalbar, ya rufe bonet.

Daga nan har azahar ban san yadda na yi girki ba. Gishiri sau biyu na zuba a miya. Magana ce ta kalma biyar, amma ina zan faɗe ta? Hajiya ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumfar, ɗanta yana zaune a gefenta, suna lissafin dangin da za a tarar. A gabanta ko sunan abincin da yake so ba na tambayarsa, balle in ce masa na yi masa ƙarya a idonta. Na leƙo na ce, "Malam, ɗan zo mana." Ya ce, "Faɗi a nan, ai Hajiya ba baƙuwa ba ce." Na ce a'a, da ma ruwan wanka ne na kai. Na koma madafi ina jin haushinsa, ina jin haushin motar, na fi jin haushin kaina.

Na yi ta lallashin zuciyata. Na ce ai ɗagawar ba ta kai ƙiftawar ido goma ba. Na ce wataƙila ya riga ya ɗaure notin kafin in tashi. Na ce shi da ya san inji ai ya taka ya ji, da akwai matsala da ya gane. Kowace na faɗa sai wata murya ta ce mini, ya gane mana, ai ya ce ya yi laushi, amincewa da maganarki ce ta sa ya ɗora wa tsufan mota.

Aka yi sallah, aka ci abinci, aka loda kaya har bayan motar ya sunkuya. Na yi wa yaran kwalliya da hannuna, na ɗaura wa ƙaramar ɗankwali. Maigidana ya fito cikin farar shaddarsa. Hajiya ta shiga gaba, yara a baya tsakanin tukwane. Na tsaya a ƙofar gida na ce Allah ya kiyaye hanya. Da bakina na faɗa, kuma na bar su suka tafi.

Na koma ciki na tsaya a ƙarƙashin rumfar. Kwalin da ya kwanta a kai yana nan, da ɗigon man birki a ƙasa. Sai hanyar ta zo mini a ido tiryan-tiryan, don na san ta: tirelolin da ke fitowa daga ƙofofin kamfanoni ba tare da sun duba kowa ba, tankokin da ke tsayawa a tsakiyar titi, da gangaren nan kafin gada inda kowace mota take neman birkinta. Na ga kan ƙaramar 'yata da ɗankwalin da na ɗaura mata. Na durƙusa a wurin. Tsoro irin wannan ban taɓa jinsa ba, ko a ɗakin haihuwa.

Na kira wayarsa sau huɗu. Ba ya ɗauka in yana tuƙi, kuma ni ce nake yabonsa a kan haka a gaban mutane. Na zari hijabi na ɗora a kan zanen girki, na fita ko ƙofa ban kulle ba.

Mai adaidaita sahun da na tare dattijo ne. Na ce masa hanyar Challawa, ya yi sauri don Allah. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Baiwar Allah, lafiya?" Na ce, "'Ya'yana ne a mota, birkinta ba shi da kyau." Bai ƙara tambaya ba, ya murɗa. Abu ɗaya na riƙe a raina: maigidana ba ya hawa doguwar hanya da kaya sai ya tsaya wajen wani mai faci, kusa da ƙofar kamfaninsu, an gwada masa iskar tayoyi. Kullum ina yi masa tsiya a kan wannan tsayawar. Ranar nan ita nake roƙon Allah ya sa bai fasa ba.

Ma'aikatan rana suna fitowa, na yamma suna shiga, titi ya cika da kekuna da masu tafiya a ƙasa. Warin fata da na magudanar ruwan kamfanoni ya tare mu, ban ko toshe hanci ba. Duk inda na hango mutane sun taru sai in zaci haɗari ne, sai mun matso in ga mai rake ne ko mai shayi. Wata tirela ta yanko mana daga wata ƙofa, dattijon ya taka birki har na bugi ƙarfen gabana. Abin da ya zo mini kawai shi ne, nasa ya kama.

Daga nesa na hango ta, da bayanta a sunkuye, a gindin bishiyar mai facin. Maigidana ya riga ya buɗe ƙofa, ƙafarsa ɗaya a ciki. Na diro tun adaidaitan bai gama tsayawa ba.

"Ke! Me ya faru? Gobara aka yi?" in ji shi.

Hajiya ta leƙo ta taga. Mai faci ya tsaya da tiyon iska a hannu. Ma'aikata biyu da suka san shi suna gefe. Duk kunyar da na yini ina tattali, ga inda ta kawo ni, bakin titi, da takalmin wanka a ƙafa.

Na ce, "Ban riƙe ba. Lokacin da Hajiya ta shigo na tashi na gaishe ta. Tayar ƙarshe. Ƙarya na yi maka."

Na jira faɗa, har na fi son ya yi. Bai yi ba. Ya juya ya kalli yaran a kujerar baya, ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya buɗe but, ya sauke buhu ɗaya, ya zaro sifana da tiyo da gwangwanin man birki. Mai faci ya miƙo masa kwalba. Ko rigar bai cire ba, ya kwanta da farar shaddarsa a ƙasar wurin da ta sha baƙin mai.

"Shiga," ya ce. "Taka."

Na shiga, na taka sau uku.

"Riƙe."

Na danne. Sai na ji Hajiya ta buɗe ƙofarta ta fita, ta zagayo ta gaban motar tana dogara sanda, ta zo ta tsaya a kaina. Na ji jikina yana neman tashi kamar ɗazu. Ta ɗora tafin hannunta a kan gwiwata, ta danna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Zauna, 'yata," ta ce. "Na yafe gaisuwar."

Daga ƙarƙashi na ji wani ɗan huci, fuss, sannan wani, sannan wani. Mai facin da ke riƙe da kwalbar ya ce, "Innalillahi. Malam, duk wannan kumfar?"

Can maigidana ya ce saki, da wata murya da ban san shi da ita ba. Na ji shi sarai, amma ƙafar ta ƙi ɗagawa. Sai da Hajiya ta sunkuya, ta kama ƙwaurina da hannu biyu, ta ɗauke ta daga kan birkin.