Ranar da na bi ɗana gareji don in ga Madam

Shekarun baya, babban ɗana ya sayi motarsa ta farko. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma zan fara a nan ba. Haka aka rene mu, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane. "Kai" nake ce masa, ya amsa.

Aikin wayarin mota ya koya a unguwar Congo-Russia cikin Jos, wajen wani oga Inyamuri. Matar ogan tana da shagon kayan mota a bakin garejin. Kullum ya dawo gida, Madam ta ce, Madam ta ba ni. Ina jin wannan suna kamar ƙaya a tabarma.

Ya yi alkawarin kai ni bikin suna a Bukuru a motar. Ana gobe sai ya ce ba za mu ba sai an yi gyara. Ya nuna mini wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a gaban sitiyari, mai hoton mota tana zamewa.

"Inna, kowace taya tana da abin da ke gaya wa motar yadda take juyawa. In ɗaya ta fara santsi, motar ta riƙe ta da kanta. Wannan wutar tana cewa ta daina ji. Ga damina, ga gangara, ba zan ɗauke ki haka ba."

"Ina za ka kai ta?"

"Wajen su Madam."

Na ɗauki mayafina na ce mu je. Ya dube ni, ya buɗe mini ƙofar motar.

Muna isa ta fito da gudu ta rungume shi a gabana. Ƙato da gemunsa. Ta kira sunansa ya fi a ƙirga, tana ɗana kaza, ɗana kaza. Ta ba ni benci da lemo. Ban sha ba.

Ya jona na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna tayar baya ta hagu. Madam ta ɗauko sabon sensa, wato abin nan na jikin taya, daga shago, ya sa, ya zaga da motar ya dawo. Wutar tana nan. A raina na ce madalla, kayan shagonki ne ba su da kyau. Allah ya yafe mini, har daɗi na ji.

Sai ya ɗaga motar a jak, ya kwanta a ƙasa, ya miƙa mata mitar gwada waya. Yana bin wayar yana lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan, ita tana tsugune a kansa tana saurare. Mitar tana ƙara, tana ƙara, can ta yi shiru.

"Tsaya nan," in ji ta. "Koma baya."

Ya yanka robar wajen. Wayar ta karye daga ciki, daidai inda take lanƙwashewa in mota ta faɗa rami, daga waje kuwa lafiya lau. Ya haɗa ta, ya naɗe, ya tayar da mota. Wutar ta mutu.

Madam ta share masa goshi da bakin zaninta, tana cewa duk Jos babu hannu irin na ɗanta. Sannan ta juyo gare ni da Hausarta.

"Mama, kai ba za ka yaba shi ba?"

Yabon yana nan a bakina, cike. Ni na goye shi. Ni na san yadda yake kwance rediyon babansa yana ƙarami, ina dukan hannunsa. Na gyara mayafi na ce, "Ai aikinsa ne."

Ya sunkuyar da kai yana murmushi.

A hanyar Bukuru ruwa ya same mu. Idona yana kan wajen fitilar har muka sauka gangara. Na ce, "Kai, ba ta dawo ba."

"Ba ta dawo ba, Inna."

Iyakar yabon da ya samu ke nan.

Madam ta koma garinsu tun tuni, amma tana kiransa. Daga ɗakina ina jin muryarta a wayarsa, tana jan sunan nan da ni ban taɓa ɗanɗanawa ba. Ba ta yi mini laifin komai ba, ta riƙe mini yaro da amana, ina yi mata addu'a. Amma in ce kishin ya tafi, na yi ƙarya.

Har yau in ya tayar da mota, fitilu suka kama suka mutu, sai na leƙa na nemi waccan. In ce masa ba ta dawo ba. Wannan dai Madam ba ta da shi.