Karnukan Jatau da Ƙugun Malam Nomau

Wata rana wata mata mai suna Ladidi ta ɗaura gyale a ƙugu, ta fita yi wa wani maharbi magana a kan karnukansa.

Ba zan ƙara gishiri ba. Yadda abin ya faru haka zan ba ku.

Ƙauyensu a bakin kwalta yake. Gidaje a gabas, fadama a yamma, titi ya ratsa tsakiya. Manyan motoci ba sa rage gudu don sun ga ƙauye.

Mijinta Malam Nomau lambu yake yi. Latas, alayyafo, ɗan albasa. Ya ba sittin baya.

Kullum da safe in ya gama ban ruwa, sai ya ɗaure kwanduna biyu a bayan wani tsohon babur, ya hau kwalta zuwa kasuwar cikin gari.

'Ya'yansu duk mata ne, duk sun yi aure nesa. Wannan babur da ƙafafun tsohon nan biyu, su ne tukunyar gidan.

To a daidai kwanar da zai bi, nan gidan Jatau yake.

Jatau maharbi ne. Karnuka shida gare shi, duk an datse musu kunne, duk sun ƙoshi. Ba igiya, ba sarƙa. A gindin darbejiya suke kwanciya, taku biyar tsakaninsu da kwalta.

Mota ba ta dame su ba. Amma su ji ƙarar babur, sai su miƙe gaba ɗaya. Akwai wani babba a cikinsu da ake kira Ɗan-Baƙi, shi ba haushi yake tsayawa yi ba. Taya yake nema, ko ƙafar mai tuƙi.

Ran nan Malam Nomau ya dawo da ƙafar wando a yage har gwiwa. Yana ba ta labari yana dariya.

Ladidi ba ta yi dariya ba. Ta karɓi wandon, ta daɗe tana duban wurin haƙoran.

Ta fara da matar Jatau, yadda ake yi. Matar ta ce, "Inna, ni da nake cikin gidan, karnukan nan suna riga ni cin tuwo. Wa zan faɗa wa?"

Ta je wajen mai unguwa. Ya ce zai duba.

Bai duba ba, kuma ta san dalili. Tun shekarar da ɓarayi suka kwashe shanun garin, Jatau da karnukansa ne ke gadi. Kowa na barci ne da haushinsu. Ba wanda zai ɓata wa Jatau rai saboda wandon wani tsoho.

Malam Nomau ya ce mata, "Ki bar shi, Ladidi. Zan riƙa rage gudu a wajen."

Ta ce, "Malam, in ka rage gudu ai ka sauƙaƙa musu aiki ne."

Shi ne ta ɗaura gyalen.

Ranar kuwa ranar fita farauta ce. Maharba sun taru a ƙofar gidan Jatau suna jiran motar da za ta kwashe su zuwa daji. Ana kiɗa, ana gwada wuƙaƙe, kowa ya sha layu har wuya. Karnuka na ta zagaye a kan kwalta kamar tsakar gidansu.

Ta ratsa su duka. Ta tsaya a gabansa.

"Jatau, ina kwana."

"Lafiya lau, Inna Ladidi. Farautar za ki bi mu?"

"A kan karnukan nan na zo. Ka ɗaure su da safe. Ban ce yini ba, ban ce kwana ba. Daga fitowar rana zuwa hantsi, lokacin da masu babur ke wucewa. Igiyar ma ni zan tufka maka."

"Sun ci miki wani abu ne?"

"Ƙafar mijina suke nema."

"Inna, ranar da na sa wa Ɗan-Baƙi igiya, ranar ya zama akuya. Zuciyarsa mutuwa za ta yi. Ko ɓera ba zai ƙara bi ba."

"To shi kaɗai ka ɗaure. Bar sauran biyar."

"Shi ne ma ba zan ɗaure ba."

"Zuciyar kare da ƙashin mutum, wanne ya fi wuyar gyara?"

Jatau ya juya ya dubi mutanensa.

"Malam ya sayi babur mai gudu mana. Wancan ko kazar gidana ta fi shi sauri."

Aka kwashe da dariya. Makaɗi ya ƙara wa gangarsa ƙarfi, ba ta ƙara jin muryar kanta ba.

Ta tsaya a wurin har mota ta zo. Ta ga da idonta yadda Jatau ya ɗaga Ɗan-Baƙi da hannu biyu ya sa shi a mota, a hankali, kamar jariri.

Daga baya wasu suka ce ita ta ɓata abin. Wai ba a yi wa namiji magana a gaban yaransa. Wai ko da yana da niyyar ɗaure su, yanzu ba zai yi ba, kada a ce mace ta sa shi.

Ku ji fa.

Ta faɗa a ɗaki, ba a ji ba. Ta faɗa a fili, an ce ba ta da kunya. Ni dai har yau ba wanda ya nuna mini wurin da ya kamata ta tsaya ta faɗa.

Kwana goma sha tara aka yi.

Da safe ne. Ladidi na tankaɗen gari a tsakar gida, sai ta ji haushi. Bayan haushi ta ji birki, irin dogon birkin nan na babbar mota da ba ya ƙarewa.

Ba ta jira a aiko ba. Ko takalmi ba ta sa ba.

Latas ya watsu a kan kwalta tun daga kwana har gindin darbejiya. Wata motar itace ta tsaya a karkace, direban ya ɗora hannu biyu a ka.

Ɗan-Baƙi ya cafko ƙafar Malam Nomau ne, tsoho ya kauce, ya ga mota a gabansa, ya sake kaucewa, ya faɗa kan bakin kwalbati da ƙugunsa. Karen kuma bai iya tsayawa ba, ya shige ƙarƙashin taya.

Abin da Ladidi ta tarar shi ne taro biyu.

Ɗaya a kan mijinta.

Ɗaya a kan kare.

Jatau na tsugune a taro na biyu, ya rungume kan Ɗan-Baƙi, hawaye na zuba a gemunsa. Bai ɗago ba lokacin da aka ciccibi Malam Nomau aka wuce ta gabansa.

Mai ɗori ya yi iya yinsa. Da abin ya ƙi, aka kai shi asibitin cikin gari. Suka ce ƙashin ƙugu ya farfashe, kuma shekaru sun ja. Suka yi abin da za su iya, suka sallamo shi.

Bai ƙara taka ƙasa ba.

Wanda ya taɓa lambu ya san latas ba ya haƙurin kwana uku ba ruwa. Ladidi ta gwada. Ta juya tsoho, ta wanke shi, ta ba shi koko, ta tsallaka titi da bokiti. Kafin ta gama ba kwamin latas huɗu ruwa rana ta take. Ta dawo ta tarar ya ɓata shimfiɗa, yana kallon bango don kada su haɗa ido.

Bayan sati biyu ta bari. Lambun ya ƙone tsaye. Wani ya karɓi filin aro, ya shuka nasa.

Sai ga mai unguwa da dattawa uku sun zo sulhu, Jatau na biye da su da zabuwa guda a hannu, wai ta dubiya.

Suka zauna a ɗakin mara lafiya. Ladidi na bakin ƙofa daga waje, inda ake barin mata.

Jatau ya ce, "Malam, sannu. Wallahi ni ma na yi rashi. Shekara bakwai muna tare da karen nan."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce ƙaddara ce, ba mai tsallake ta. Ya ce zaman tare ya fi komai, a yafe wa juna.

Ladidi ta ce daga inda take, "Sauran biyar ɗin za a ɗaure su?"



Mai unguwa ya gyara zama, ya ce, "Ba wannan ya kawo mu ba, Ladidi."

Malam Nomau ya dubi rufin ɗaki. Mutum ne da bai taɓa faɗa da kowa ba. Kuma ya san gobe waɗannan mutanen ne za su ɗaga shi in ana buƙatar ɗagawa.

Ya ce, "Na yafe."

Aka shafa fatiha. Aka juyo ana jiran nata.

Ta kafa musu ido.

Suka jira. Ta ci gaba da kallonsu ɗaya bayan ɗaya, har suka tashi suka nemi takalmansu. Zabuwar ma ta sa aka mayar.

Tun daga ranar sunanta a garin ya zama mai baƙar zuciya. Mata na cewa miji ya yafe, ita da ba a ƙugunta abin yake ba, ta ƙi. Ba wanda ya sa wa Jatau wani suna.

Yanzu Ladidi na saro alayyafo a fadama, a wurin mutumin da ke noma filin mijinta. Ta ɗora a ka, ta zaga gida gida. A ciniki ba ta ragi, kuma ba ta karɓar na tausayi. In ka ce ta riƙe canji saboda Malam, a hannunka za ta dunƙula maka abinka.

Karnuka biyar na nan a gindin darbejiya. Kafin damina Jatau ya kawo 'yan kwikwiyo uku. Ba wanda ya koya musu komai, suna ganin manya sun tashi su ma suke tashi.

Ɗakin Malam Nomau kuwa ba shi da nisa da kwanar. Komai yana ji.

Kowace safiya in babur ya taho, haushi ya tashi, sai tsoho ya daina tauna abin da ke bakinsa.

"Ladidi, na waye?"

"Na Ilu mai madara ne, Malam."

Sai su yi shiru su biyu, suna saurare, har ƙarar ta wuce kwana ta yi nisa.

"Ya wuce?"

"Ya wuce."

Sannan ya haɗiye.

Kafin hantsi sukan yi haka sau bakwai, sau takwas.

Darasi:

In kana da kare kuma gidanka na bakin titi, ka ɗaure shi. In za ka fita da shi, igiyar na hannunka. Ba don karenka mugu ne ba. Don wanda ke kan babur ba shi da inda zai kauce sai gaban mota.

In kuma kai ne ka ga karen wani a sake, ka yi magana, amma kada ka bar mace ɗaya ta je ita kaɗai kuna kallo daga zaure. Garin nan kowa ya san haƙoran Ɗan-Baƙi. Mutum ɗaya ne ya buɗe baki.

Ba zan yi muku ƙarya in ce magana na aiki ba. Sau da yawa ba ta yi. Mai kare ya fi son karensa a kan ƙafarka, kuma mutane sun fi tsoron ɓacin ransa a kan karyewarka.

Duk da haka ku tura wannan. Ku tura wa maƙwabcin nan da kuka daɗe kuna jin nauyin faɗa masa. Wataƙila ya karanta, ya yi tsaki, ya wuce.

Amma dai gobe ba zai zauna a ɗakin mara lafiya ya ce ba a faɗa masa ba.